Garma Daban, Iri Daban

Da aure ya fara daɗewa babu ciki, kan mace ido yake komawa. Haka aka yi mana. Maiɗakina ce ta sha tambaya, ita ta sha jiƙe-jiƙe, ita ta sha zaryar asibiti. Ni kuwa babu wanda ya ce mini uffan, domin a ganin kowa, namijin da ba shi da rauni a shimfiɗa ba shi da abin bincike a jikinsa. Ita ma ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Mace ce mai zurfin ciki. In ta dawo daga awo sai ta ce, "Malam, sun ce lafiyata ƙalau, mu dai ƙara haƙuri," ta shiga hidimarta.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne yadda jiran haihuwa yake ɓata shimfiɗa. Likitar mata ta lissafa mata kwanakin da ciki ya fi saurin shiga, sai lamarin da a da sha'awa ke kawo shi ya koma aiki mai ranar farawa da ranar tashi. In kwanakin suka matso, tun da yamma gabana yake faɗuwa. Tun ina iyawa da ƙyar har aka kai daren da jiki ya ƙi sam. Na kwana da tsoron kada a sake, tsoron kuma ya sa aka sake. Ga rashin haihuwa, ga kuma sabon abu ya ƙaru a kai, wanda shi ba ya faɗuwa ga kowa.

Amma maza suna gane juna. Da na ɗan tsegunta wa abokai a fakaice, kowa ya zama likita. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya sauka, wani ya ce tsabar zaman kujera ne. Wani abokin aikina, mutumin kirki ne kuma da zuciya ɗaya ya yi, ya kawo mini wata 'yar kwalba a lulluɓe. A jikinta an zana saiwoyi da ganyaye, an rubuta cewa tsantsar itatuwa ce, ba a sa komai na asibiti ba. Na sha. Awa guda ba ta cika ba abin ya yi aiki, aikin da ni kaina ya ba ni tsoro. Tare da shi sai ciwon kai mai sara, fuskata ta ɗauki zafi, hancina ya toshe, ƙirjina yana ƙuna, hasken fitila kuma ya riƙa yi mini shuɗi-shuɗi.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya gaji sanin itatuwa daga mahaifinsu. Ba mai tallar magani ba ne, bai taɓa zuba komai a kwalba mai hoto ba. Mutane dai suna zuwa, ya saurare su, ya ba wanda zai ba, ya sallami wanda zai sallama. Zuwa wurinsa da irin wannan magana akwai nauyi ƙwarai, sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin na ajiye kwalbar a gabansa. Ya buɗe, ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya lasa.

"Ɗana, cikin awa guda ka ce?"

"Ko awa ba a yi ba, Kawu."

"Har da toshewar hanci?"

Na ce har da ita. Ya rufe kwalbar ya turo mini. Ya ce tun yana yaro yake bin mahaifinsu daji, kuma a cikin itatuwan da ya sani babu wanda ke yin haka. Itace a hankali yake shiga jiki, sai an jure masa. "Wannan akwai hannun wani a ciki," in ji shi. Daga nan ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini.

"To kai me kake nema, ƙarfi ko haihuwa?"

"Ai duk ɗaya ne, Kawu."

"Ina! Garma daban, iri daban. Na ga mai sabuwar garma, ya yi huɗa har ta burge, gonar ba ta tsiro ba. Na ga mai tsohuwar garma da ke karkacewa, ya cika rumbu. Garma ina iya taimaka maka a kanta. Iri kuwa ba ni da idon da zai gan shi. Je ka inda suke da madubin dubawa, ka dawo mini da takarda. Kafin nan ko ɓawo ɗaya ba zan ba ka ba."

Na fita raina a ɓace. Na je neman magani, an tura ni awo.

Likitan mafitsara da na gani dattijo ne marar gaggawa. Da na zayyana masa abin da kwalbar ta yi mini, bai ko ɗaga kai daga rubutu ba ya ce, "Malam, waɗannan alamun sildenafil ne, ɗaya bayan ɗaya." Sildenafil shi ne sinadarin da ke cikin Viagra, ƙwayar ƙarfin maza ta asibiti. Kamfanin Pfizer ya fara gwada shi ne a matsayin maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, sai aka lura da ɗaya aikin nasa, aka ba shi izinin shiga kasuwa a Amurka a 1998. Buɗe hanyoyin jini yake yi, shi ya sa kai ke ciwo, fuska ta yi zafi, hanci ya toshe. A hannun likita magani ne mai amfani, domin an san adadin da ake sha, an kuma san wanda bai kamata ya sha ba. A cikin kwalbar da ta ce babu shi, babu wanda ya san yawan da aka zuba. Mai ciwon zuciya da ke amfani da naitirogilisarin, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, ko wani magani ɗan gidansu, in ya haɗa da sildenafil jininsa na iya faɗuwa warwas har ya sheƙa. Kuma irin wannan mutumin, da likita ya hana shi Viagra, shi ne ya fi saurin miƙa hannu ga abin da aka ce masa ganye ne zalla.

Wannan algus ɗin ba na ƙasa ɗaya ba ne. Wani nazari da aka buga a 2018 ya tattara kayayyaki 776 da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gano an ɓoye magungunan asibiti a cikinsu tsakanin 2007 da 2016. Kusan rabinsu na ƙarfin maza ne, kuma a cikin waɗannan sildenafil aka fi samu. A Singafo kuwa, a 2008, an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga amma sugansu ya faɗi ƙasa matuƙa. Da aka bi diddigi sai binciken ya kai ga wasu magungunan ƙarfin maza, har da waɗanda ake sayarwa da sunan na itatuwa, an gauraya su da gilibenkilamid, maganin masu ciwon suga. Mutum huɗu suka rasu. Tun a harabar asibitin na kira abokin aikina na gaya masa, domin na san yana fama da hawan jini. Ya yi shiru, can ya ce ai shi bai taɓa jin komai ba. Ban ja da shi ba, na dai faɗa masa abu guda da likita ya jaddada mini: in gaba ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba, asibiti ake nufa a guje, ba a jira gari ya waye, in ba haka ba naman wurin na iya lalacewa har abada.

Kafin likitan ya taɓa maganar haihuwa sai da ya auna jinina da sugana. Ya ce raunin mazakuta sau da yawa shi ne ɗan aiken farko na ciwon suga ko toshewar jijiyoyin jini, domin jijiyoyin wurin ƙanana ne, suna riga na zuciya nuna alama. Nawa duk lafiya. Ya tambaye ni ko jiki na motsawa da asuba, na ce ƙwarai. Ya yi murmushi ya ce to ai babu abin da ya lalace, fargaba ce. Ya kuma tambaye ni ko na taɓa yin allurar testosteron, sinadarin nan na mazantaka da wasu ke yi don ƙarin kuzari ko gina jiki. Na ce a'a. Ya ce na tsira, domin in aka shigar da shi daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu ma su ƙare ƙaf. Mutum yana jin kansa zaki, alhali ya rufe wa kansa ƙofar haihuwa.

Awon maniyyi ba wuya gare shi ba, kunya gare shi. Ana ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba da samfurin, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa guda. Shi ke nan. In na tuna irin awon da ake yi wa mata, da allurai da hotunan mahaifa masu ciwo, sai in ga namu bai kai a kira shi wahala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafinta na 2021, ta sa ƙaramin mizani a kan ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a fitowa guda, kashi 42 cikin 100 su zama masu motsi, aƙalla kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Nawa ba su kai rabin mizanin ba, yawancinsu kuma ba sa motsin kirki. Aka maimaita awon bayan wani lokaci, domin ba a yanke hukunci da guda ɗaya, sakamakon bai canza ba. A ido maniyyin babu abin da ya raba shi da na kowa, ga kauri ga yawa, abubuwan da maza ke alfahari da su. Ruwan daban, abin da ke iyo a cikinsa daban.

Da ya duba ni a tsaye, ya ce in yi yunƙuri, sai ya gano dalilin: kumburin jijiyoyin maraina, wanda suke kira barikosil, a ɓangaren hagu, inda aka fi samunsa. Jini ne ke taruwa a jijiyoyin maimakon ya koma sama, sai wurin ya ɗumama. Su kuwa maraina an rataye su a wajen jiki ne domin suna bukatar sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri 2 zuwa 3. Kimanin maza 15 cikin 100 suna da wannan kumburi, da yawansu suna haihuwa lafiya, amma a cikin mazan da ke zuwa asibiti da rashin haihuwa ana samunsa a kashi 35 zuwa 40. Babu jiƙon da zai gyara jijiyar da ta saki. Tiyata ake yi, a ɗaure ta.

Ranar da na gaya wa maiɗakina, na shirya wa kuka ko gori. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malam, to yanzu ai mun san abin da muke nema wa magani." A daren ta yi barcin da na daɗe ban ga ta yi ba. Likitan ya ce mana ba mu kaɗai ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Abin mamaki, raunin shimfiɗar da ya kai ni ga kwalba shi ya fara tafiya, ba da maganin kowa ba. Likitan ya ce mu ajiye lissafin kwanaki, mu koma yadda muke a da. Da aka daina jarrabawa sai aka daina faɗuwa.

An yi tiyatar, ba ta da wani dogon labari. Dogon labari shi ne jira, domin ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta ƙosa, ga kuma tafiyar da za ta yi kafin ta fito, don haka duk abin da aka yi yau sai bayan wata uku ake ganin tasirinsa. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya tona asirin mai cewa maganinsa na ƙara ƙwayoyi cikin mako guda.

A watannin jiran nan na koma wurin Kawu da takarda kamar yadda ya ce, na kuma duƙufa karatu a kan itatuwan da ake ambata. Abin da na fahimta shi ne itatuwa ba wasa ba ne, kuma ba duka ne ƙarya ba. Yohimbe, ɓawon wani itace da ke fitowa a dazukan Kamaru da maƙwabtanta, yana da sinadari na gaske da likitoci suka riƙa rubuta wa maza tun kafin Viagra, kuma shi yana da saurin aiki. Sai dai yana ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya kawo fargaba, wato ainihin abin da mai irin matsalata ba ya bukata. Ginsen, saiwar da mutanen Koriya da Sin suke ji da ita, masu tace bincike na Cochrane sun duba gwaje-gwaje 9 a kanta a 2021, da maza 587, suka ce amfaninta ga raunin mazakuta kaɗan ne ƙwarai. Wata saiwa mai suna maka ta ƙasar Feru an ga tana ƙara sha'awa ba tare da ta taɓa testosteron ba. Tsidau, wanda Kawu ya yarda da shi sosai, gwajin da aka yi a kan mutane bai nuna yana ɗaga testosteron ba kamar yadda masu talla ke faɗa. Da na gaya masa sai ya ce shi bai san wani testosteron ba, ya dai san masu dawowa su yi godiya. Na ce, "Kawu, waɗanda bai yi wa aiki ba fa?" Ya ce, "Waɗannan ba sa dawowa." Muka yi dariya, amma duk mun gane abin da aka faɗa.

A ɓangaren iri, biyu ne suka fi jan hankalina. Ashwaganda ta Indiya: a wani gwaji na 2013 an raba maza 46 masu ƙarancin ƙwayoyi gida biyu, waɗanda suka sha tsantsar saiwar kwana 90 adadinsu ya ƙaru sosai. Sai habbatus sauda: a Iran a 2014 an gwada manta a kan maza 68 na tsawon wata biyu, yawan ƙwayoyi da motsinsu suka inganta. Labari mai daɗi, amma a lura da abu biyu. Mutanen kaɗan ne, kuma ƙwayoyi aka ƙirga, ba jarirai ba. Ƙaramin gwaji yakan yi alkawarin da babba ke karyawa. An daɗe ana yabon zinki da sinadarin folik ga maza, ana sayar da su a ko'ina, har sai da aka gwada a kan ma'aurata 2,370 a Amurka, sakamakon ya fito a 2020: ba su ƙara haihuwa ba, ba su gyara maniyyi ba. Ita ashwagandar ma an samu rahotannin ta taɓa hantar wasu, ƙasar Denmak kuma ta hana sayar da ita a 2023. Ga kuma matsalar da Kawu da kansa ya sani tun kafin in karanta: ɓawon itace ɗaya, na rani da na damina ba ƙarfinsu ɗaya ba, na ƙaramin itace da na tsoho ma haka.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne itatuwan da ke yin akasin abin da ake nema. A ƙasar Sin an lura haihuwa ta ragu a yankunan da ake amfani da ɗanyen man 'ya'yan auduga, aka gano wani sinadari a ciki mai suna gosifol. A shekarun 1970 har an gwada shi a kan dubban maza a matsayin maganin hana haihuwa. Ya yi aiki, amma aka watsar da shi, domin wasu ƙwayoyinsu ba su dawo ba ko bayan sun daina sha, wasu kuma sinadarin fotashiyam na jininsu ya faɗi. Waɗannan mazan ƙarfinsu na shimfiɗa yana nan, irin ne ya tafi. Kawu ya jinjina kai ya ce shi ya sa ba ya son haɗin gambiza, a tara itatuwa goma a tukunya ɗaya, ba a san wanda ke ginawa da wanda ke rushewa ba.

A ƙarshe abu ɗaya ya ba ni, man habbatus sauda, ya ce in nuna wa likita kafin in sha. Na nuna. Likitan ya tambayi adadin, ya duba magungunan da nake sha, ya ce babu laifi, amma kada in ƙara komai a kai ba da saninsa ba, in bar wanka da ruwa mai zafi sosai da ɗora kwamfuta a cinya, in kuma rage teɓa. Shi da Kawu ba su taɓa haɗuwa ba, amma saƙo ya riƙa kai-komo tsakaninsu ta bakina, kowanne yana tambayar me ɗan'uwansa ya ce.

Awon da aka yi bayan tiyata ya nuna ƙwayoyin sun haura mizani, motsinsu ma ya ƙaru. Ciki bai zo nan take ba, sai da muka ƙara jira har muka fara cire rai, sannan Allah Ya kawo. Mace aka haifa. Kawu yana cewa mansa ne, likita yana cewa wuƙarsa ce, mahaifiyata tana cewa addu'arta ce, ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in ce masa haka ne.

Yarinyar ta yi wayo yanzu, har tana tambayar ƙani, ƙanin kuma bai zo ba. Na koma awo, adadin ya sake sauka, ko da yake bai kai lalacewar farko ba. Likitan ya kawo maganar dashen ƙwai, inda ake haɗa ƙwan mace da ƙwayar namiji a ɗakin gwaji sannan a mayar mahaifa. A Ingila aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a 1978, kuma tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fito da dabarar ɗaukar ƙwaya guda ɗaya tak a tsira ta cikin ƙwan, wadda aka yi domin maza irina. Sai dai nauyin allurai da ɗiban ƙwai duk a jikin mace yake sauka, ko da matsalar ta namiji ce, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai. Ita ta ce ta yarda, ni na ce a ƙara ba ni wata uku in sake awo. Kawu ya aiko a tambaya ko likita zai yarda a gwada hulba kafin nan, likitan ya ce in kawo ya gani. Har yanzu ba mu gama shawara ba.